Daga Bakin Tekun Meziko Zuwa Bakin Tandar Tudun Wada

Hausawa na cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya, don haka a wannan mako maganar ciki za mu yi. Akwai wata sana'a da ta kafu a garuruwan bakin teku na ƙasar Meziko, wadda zan kira yawon ɗanɗano: mutum ya tara baƙi kamar takwas ko goma, ya karɓi kuɗinsu, ya shige gaba suna biye da shi daga rumfar wannan mai abinci zuwa teburin wancan, suna ci yana ba su labarin abin da suke ci. Ra'ayina shi ne garin Zariya, musamman unguwar Tudun Wada, yana da duk abin da ake buƙata don kafa irin wannan sana'a. Kuma ya kamata matasanmu su kafa ta da hannunsu, bisa sharuɗɗan da za su amfani mai masa da mai tsire, tun kafin wani ya zo daga nesa ya kafa ta bisa nasa sharuɗɗan.

Bari mu fara da yadda abin ya samo asali a can. Garin Kankun, wanda a yau ya yi suna a duniya wajen shaƙatawa, kafin shekarar 1970 wani siririn tsibiri ne na rairayi, mai mutane ƙalilan. Gwamnatin Meziko ce ta zaɓe shi da gangan, ta zuba kuɗi, ta yi hanyoyi da filin jirgin sama, har otel-otel na farko suka buɗe a 1974. Daga baya wani tsari ya yaɗu a wuraren shaƙatawa irin wannan, inda baƙo ke biyan kuɗinsa dunƙule tun daga ƙasarsu: kwana da ci da sha da nishaɗi duk a cikin katangar otel ɗaya. Sai ya zamana mutum ya yi mako guda a Meziko bai saka lomar abincin mutanen ƙasar a bakinsa ba, sai wanda aka rage wa yaji aka daidaita shi da harshen Turawa. Matar da ke sayar da abinci a cikin gari, tafiyar minti ashirin daga ƙofar otel, ba ta ganin ko sisin kwabo daga dukiyar da ke shigowa garinsu.

Ba ƙin abincin ke hana baƙon fita ba. Yana tsoron ɓacin ciki, ba ya jin Sifaniyanci, kuma a cikin rumfuna ɗari bai san wadda zai tsaya ba. Wannan giɓi ne masu wayo suka cike a Kankun da Playa del Carmen da Puerto Vallarta da sauran garuruwan bakin ruwa. Baƙo zai yi rajista ta intanet ya biya, a sanya masa wurin haɗuwa da lokaci. Jagora zai yi yawo da ayarinsa a ƙafa na kimanin awa uku, su tsaya a wurare shida ko bakwai da ya riga ya tantance. A kowane wuri ɗan kaɗan ake ci, don a bar gurbin na gaba. Kafin a tashi an tambayi kowa abin da jikinsa ko addininsa bai yarda da shi ba. Idan ka duba da kyau, abincin shi ne mafi arha a cikin abin da baƙon ya saya. Abin da ya biya da tsada shi ne sanin gari da jagoran yake da shi, da kwanciyar hankalin cewa ba zai kwana a asibiti ba, da kuma labarin da zai koma gida da shi.

Labarin kuwa suna da shi, kuma sun iya ba da shi. Jagora zai tsayar da baƙi gaban mai naman da ke juyawa a tsaye jikin ƙarfe, ya gaya musu cewa 'yan Labanan da suka yi ƙaura zuwa birnin Puebla a farkon ƙarni na 20 ne suka zo da shawarma ta naman rago, mutanen ƙasar suka karɓi dabarar suka sauya naman da kayan yajin, aka sami abin da suke kira taco al pastor. Namansa na alade ne, don haka ba cimarmu ba ce, amma darasin da ke cikin labarin namu ne mu ɗauka. Zai kai su wurin mai yin tortilla, wato fallen gurasar masara, ya nuna musu yadda tun kaka da kakanni ake dafa masara da ruwan farar ƙasa ko na toka kafin a niƙa ta, dabarar da ke sa jiki ya iya amfana da sinadarin bitamin B3 da ke cikin ƙwayar. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiyar Meziko cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A 2019 ƙasar ta karɓi baƙi 'yan yawon buɗe ido kimanin miliyan 45. Ko kashi kaɗan daga cikinsu ne suka fita cin abincin titi, kuɗi ne mai kauri ya isa hannun talaka.

Wani abin sha'awa shi ne tukunyarmu da tasu sun daɗe suna musayar kaya ba tare da mun san juna ba. Masarar da muke tuwo da ita a kudancin Meziko aka fara noma ta, shekaru kusan 9,000 da suka wuce. Barkono da tumatir daga wannan nahiyar suka zo mana, haka ma gyaɗa da rogo daga Kudancin Amurka. Su kuma ɗaya daga cikin abubuwan sha masu farin jini a rumfunansu, wanda suke kira agua de jamaica, zoɓo ne sak, irin wanda yaranmu ke ƙullawa a leda. Suna jiƙa tsamiya su sha da sukari kamar yadda muke yi. Suna da wani abinci mai suna tamal da ake turara ƙullun masara a cikin ɓawonta, wanda duk Bahaushen da ya gan shi alale zai tuna. Ashe ba wani abin al'ajabi suke sayar wa duniya ba. Abincin talakawansu ne, sai dai sun wanke shi, sun san tarihinsa, kuma ba sa jin kunyarsa.

Na san mai karatu zai ce: malam, ina ruwan biri da gada? Zariya ba ta da teku, Turawa ba sa tururuwa zuwa cikinta, kuma tun harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris, 2022, ko ɗan ƙasa sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya kama hanyar Arewa. Wannan gaskiya ce. To amma wa ya ce sai Bature ne baƙo? Tekun Zariya ilimi ne. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana jawo ɗalibai da malamai daga kowace jiha ta Najeriya da ƙasashen maƙwabta. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Depot na sojoji inda ake yaye kurata iyaye su cika gari, ga Asibitin Koyarwa da ke Shika. Kowane mako akwai taron ƙara wa juna sani, ko bikin yaye ɗalibai, ko haɗuwar tsofaffin ɗaliban Barewa, ko ɗaurin aure. Da Sallah kuwa, mutane na zuwa daga ko'ina don kallon Hawan Sallah da Hawan Daushe. Waɗannan baƙi suna kwana a otel-otel na GRA da Samaru da Kongo, su ci soyayyar shinkafa da kaza irin wadda za su samu a Fatakwal ko Ibadan, su koma gida ba su ɗanɗani Zazzau ba. Katangar otel ɗin Kankun tana nan a garinmu, sai dai tamu ba a ganin ta da ido.

Me ya sa na ce Tudun Wada, ban ce Birni ko Sabon Gari ba? Saboda tarihinta. Da Turawa suka kafa mulkinsu, sai suka raba mazaunin Zariya kashi-kashi: Birni na 'yan asalin gari a cikin ganuwa, Sabon Gari kusa da tashar jirgin ƙasa ga ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda akasarinsu daga Kudu suka zo, sai Tudun Wada a tsakani, daga bakin Ƙofar Doka zuwa wajen rafin Kubanni, ga baƙi 'yan Arewa. Nan Bakano da Bakatsine da Banufe da Babarbare suka zama maƙwabtan juna, kowa da tukunyar garinsu. Daga nan ma'aikata suka ƙaru. A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1949 Kwalejin Barewa ta dawo Zariya, ga makarantar horar da ma'aikatan mulki a Kongo, ga babban asibitin da ya zauna a unguwar har zuwa 2005 da aka koma Shika. Inda duk aka tara gwauraye da ɗalibai da 'yan jinya, nan sana'ar abinci ke bunƙasa, domin wanda ba shi da murhu dole ya nemi mai murhu. Abincin titin Tudun Wada ɗan wannan tarihi ne.

Yanzu mai karatu ya ɗauka shi ne baƙon, ga jagora a gabansa, an fito da hantsi. Zangon farko wurin mai koko da ƙosai. Jagoran da ya san aikinsa zai bayyana cewa koko daga gasarar gero ake dama shi, bayan an jiƙa geron an niƙa shi da citta da kanumfari da masoro an tace, an bar shi ya kwana ya yi ɗan tsami. Zai sa baƙo ya kalli yadda ake buga ƙullun wake kafin a sa shi a mai, domin bugun ne ke shigar da iska ya sa ƙosai ya tashi ya yi sakayau, wanda ba a buga ba kuwa sai ya fito kamar dutse. Zango na biyu wurin mai masa. A nan akwai ilimi mai yawa: shinkafar tuwo ake jiƙawa a niƙa, a haɗa da 'yar dafaffiya don laushi, a sa yis a bar ƙullun ya kwana ya tashi, da safe a kashe tsaminsa da ɗan ruwan kanwa. Tanda kuwa, ta ƙasa ce ko ta ƙarfe, kowace da irin wutar da take so. Juya masa ba tare da ta fashe ba, cikinta ya nuna bayanta bai ƙone ba, aiki ne na shekaru. A zuba mata miyar taushe ta kabewa da alayyafo da gyaɗa, ko a ci da ƙuli-ƙuli da mai.

Da rana ta take, sai a nufi abin da ya fi kowane zama namu, wato fate. Duk ƙasar Hausa an san Bazazzagi da fate, har abokan wasanmu Kanawa suka mai da shi abin tsokana. To, abin da ake tsokanar ka da shi, shi ne tambarinka. Tsakin masara da yakuwa ko rama da gauta da gyaɗa da ɗan wake, a dafa su tare har su haɗe jiki, abinci ne mai arha da likita ba zai kushe ba. Kamar yadda mai zuwa Kano ke neman gurasa, mai zuwa Bauchi ke neman masa, haka ya kamata mai zuwa Zariya ya ji tafiyarsa ba ta cika ba in bai sha fate ba. Daga nan a ɗanɗana ɗanwake, a bayyana wa baƙo aikin kuka da kanwa wajen haɗe garin ya yi santsi, a sauke da fura da nono daga ƙwaryar Bafillatana, a kammala da ɗan guntun mazarƙwaila, domin ƙasar Zazzau, musamman wajen Maƙarfi, ƙasar rake ce.

Da la'asar kaskon awara ke hawa wuta. Ita awara baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Dabara ce irin ta mutanen Sin, ta daskarar da madarar waken suya da ruwan tsami, wadda matan Arewa suka karɓa suka ƙara mata attarugu da albasa suka soya. A nan jagora na da labarin da babu mai ba da shi sai ɗan Zariya: a Samaru, tafiyar 'yan mintuna daga inda baƙon ke tsaye, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fitar da ire-iren iri masu ɗauke da sunan garin, kamar Samsoy na waken suya, da Sampea na wake, da Sammaz na masara, da Samnut na gyaɗa. Hanyar da ta taso daga ɗakin binciken farfesa ta bi ta gonar manomi ta ƙare a kaskon mai awara, labari ne da ya isa a biya kuɗi a saurara.

Bayan magariba kuma gari ya koma hannun mahauta. Baƙon da ya zo daga Legas kalma ɗaya ya sani, suya. Aikin jagora ne ya warware masa ita. Tsire shi ne naman da aka yanka falle-falle aka soke a tsinke, aka tumurmushe shi da garin ƙuli-ƙuli da kayan yaji, aka jera a gefen tukuba wuta na dukansa daga nesa. Balangu gashi ne na manyan yanka a kan waya, ba ruwansa da ƙuli, yajinsa a gefe. Kilishi kuwa sai an fere naman ya yi kamar takarda, an shanya shi a rana ya bushe, an tsoma shi a labu na tunkuza da kayan ƙamshi, an sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Ga dambun nama da ake dafawa a daka a soya har ya yi wata bai lalace ba, guzurin fatake da alhazai tun zamanin tafiyar ƙasa. A rufe yawon a bencin mai shayi, majalisar da babu labarin garin da ba ya bi ta kanta.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin maganar ta wuce ta neman kuɗi. A farkon shekarar 2025 aka sanar da cewa ƙamus ɗin Ingilishi na Oxford ya shigar da kalmar suya cikin kalmominsa. A Gana, kokon da ake karyawa da shi a Akara da Kumasi sunansa Hausa koko, ana shan sa da koose, ana cin waakye da tuo zaafi, duk sunayen Hausa ne da harshe ya ɗan lanƙwasa. A Kamaru suna cewa soya, a Sudan akwai agashe. Abincinmu ya zaga duniya, amma labarinsa wasu ke ba da shi, mu kuma muna bakin wuta muna fifita. Maƙwabtanmu sun farga. Jamhuriyar Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar asali. UNESCO ta amince da dafa-dukan shinkafa da kifi na Senegal a 2021, da attiéké na Kwaddibuwa a 2024, da al'adar rumfunan abincin titi ta Singafo a 2020. Mu ma an shigar da bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan Sallar Kano a 2024, wanda ya nuna ƙofar a buɗe take. Amma ba a kai abinci gaban duniya sai masu shi sun fara rubuta shi, sun san wa ke yin sa, sun girmama shi a gida.

Sai dai duk abin da ke da amfani yana da inda yake cizo, kuma gara mu san wuraren tun kafin a fara. Na farko shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A irin wannan sana'a, abu ne mai sauƙi jagora ya karɓi dubban nairori daga kowane baƙo, ya je ya sayi masar ɗari biyu, har ma ya nemi ragi don ya kawo ciniki. Matar da ta tashi tun kafin asuba ta hura wuta, ta sha hayaƙi shekara ashirin, ita ce ke da ilimin da ake sayarwa. Adalci shi ne a zauna da ita tun farko a yi yarjejeniya: a biya kuɗin abincinta cikakke, a ƙara mata wani kaso sananne a kan kowane baƙo saboda lokacinta da bayaninta, kuma a gaya wa baƙo nawa ne daga kuɗinsa ke isa hannunta. Jagoran da ya ƙi wannan ɗan kamasho ne kawai, kuma muna da su da yawa a tasha.

Na biyu shi ne tsafta, kuma a nan sai mun gaya wa kanmu gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu na rasuwa. Kowa ya san abin da idonsa ke gani a titunanmu: tsire a naɗe cikin tsohuwar jarida mai tawada, man suya da aka maimaita har ya koma baƙi, bokitin ruwa ɗaya da ake wanke kwanuka tun safe har dare, alale da ake dafawa a leda, hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ya yanka albasa, kwata na gudana a gindin teburi. Baƙo ɗaya ya kwanta ciwo ya rubuta a Facebook, sana'ar ta mutu a ranar. Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ake leƙa randa da mahauta da kasuwa. Yawon ɗanɗano na iya dawo da wannan ta hanyar da ta fi bulala tasiri, domin mai abincin da ya san za a kawo masa baƙi goma duk Asabar idan ya rufe namansa da gilashi, ya ajiye ruwa da sabulu, ya sayi farar takarda, zai yi haka ba sai an aiko masa da sammaci ba. Ribar kuwa ta 'yan unguwa ce da ke ci a wurin kullum.

Na uku shi ne mutunci. Yawancin masu yin abincin nan mata ne da ke cikin gidajensu, wasu zawarawa, wasu masu riƙon marayu. Ba kayan kallo ba ne. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kada a shiga gida sai da yardar masu gida, kuma inda mata ne ke aiki a ciki, mata ne ya kamata su jagoranci mata. Sannan ga maganar talla. Bai dace a gina sana'ar da malamai da ɗaliban jami'a za su ci riba a kan farantin yarinya 'yar shekara tara da ya kamata a ce tana aji ba. Sharaɗin shiga jerin wuraren da ake kai baƙi ya haɗa da cewa babba ne ke sayarwa a lokacin makaranta. In kuɗin da ke shigowa ya sa uwa ta iya sauke wa 'yarta faranti, to sana'ar ta biya bashinta.

Na huɗu shi ne kada baƙo ya kori ɗan gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin komai ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ɗan acaba da ɗalibi da lebura da ƙyar suke iya sayen ƙosan da suka saba. Idan mai abinci ya ga masu kuɗi ya ninka farashi, ko ya rage yaji da daddawa don ya burge baƙo, an yi asara biyu: talaka ya rasa abincinsa, baƙo kuma ya ci jabu. Baƙo raɓa ne, gobe ba ya nan. Farashin ɗan gida ya zauna inda yake, ƙarin ya fito daga aljihun mai yawo ta hannun jagora.

Akwai kuma wani uzuri da na san dattawa za su kawo, kuma ina girmama shi. A tarbiyyar Bahaushe, ci a tsaye a bakin titi zubar da girma ne, malamai ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage kamalar mutum. Ba sai mun kwaikwayi mutanen Meziko har da tsayuwarsu ba. Muna da zaure, muna da tabarma, muna da benci da rumfa. A zaunar da baƙo, a ba shi ruwan wanke hannu, a yi bisimilla, a ci cikin natsuwa. Wannan ma wani ɓangare ne na abin da ya zo gani, kuma shimfiɗar fuska da aka ce ta fi ta tabarma ba a sayen ta a otel.

To wa zai fara? Ba na jiran gwamnati, kuma ba na ba matasa shawarar su jira ta. Ɗalibai uku ko huɗu, ɗaya daga sashen tarihi, ɗaya daga sashen harsunan Afirka, ɗaya mai karatun kimiyyar abinci ko lafiyar al'umma, sun isa. Jarinsu wayar hannu ce da littafin rubutu da takalmi mai ƙwari. Su yi wata biyu suna zagaya unguwa, suna ci suna tambaya, su zaɓi wurare shida. Su kai gaisuwa wurin mai unguwa da Sarkin Fawa da shugabannin kasuwa, domin ba a shiga gari ta bayan masu shi. Su nemi jami'an lafiya na ƙaramar hukuma su duba wuraren. Su gwada da abokansu 'yan Kudu da ke bautar ƙasa, su ji inda aka yi daidai da inda aka kauce. Sannan su kai takardarsu otel-otel da ofisoshin masu shirya taro a jami'a. Wanda ya fi himma ya haɗa yawon da ziyarar Masallacin Juma'a na Birni da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙofar fada, da ragowar ganuwa. Abin da ake nema daga hukuma kaɗan ne: ruwan famfo, kwashe shara, fitilar titi, da kuma idan za a tashi masu rumfa don gyaran hanya a ba su wani wuri kafin a rushe na da. Masarautar Zazzau kuwa, ƙarƙashin Mai Martaba Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya zauna ƙasashen waje ya ga yadda wasu ke tallata al'adunsu, kalmarta ɗaya ta isa ta ba wannan yunƙuri daraja.

Kowace shekara makarantun Zariya na yaye dubban matasa, su fito da takarda suna neman wanda zai ɗauke su aiki, alhali a bayan katangar makarantar akwai tsohuwar da ke riƙe da ilimin da ba a rubuta ba, kuma ranar da ta kwanta dama ya tafi da ita. Idan mai takarda da mai tanda suka haɗa hannu bisa gaskiya, shi ya sami sana'a, ita ta sami ƙarin ciniki da girmamawa, garin kuma ya adana wani yanki na tarihinsa. Ina kira ga ɗaliban da ke karanta wannan shafi a Kongo da Samaru da Gaskiya: kafin hutun zango mai zuwa, ku je wurin mai masar da kuka fi saye a hannunta, ku gaishe ta, ku tambaye ta wa ya koya mata, ku rubuta amsar da ta ba ku.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.